Lofen Abu Majid da Kaskon Ɗaso

Duk unguwar Zahir da ke Makka an san Mahmudu Abu Majid da sahun gaba a masallaci, amma ba kowa ya san abin da ke kulle a kabad ɗinsa ba. Matarsa Rabi'atu ta sani. Abin da Rabi'atu ta sani da safe kuwa, maƙwabciyarta Kande kan ji shi kafin la'asar.

Lofe ne na shan taba, har goma sha huɗu, kowanne kwance a ɗan akwatinsa kamar jariri. Ba na katako ba ne, na wani farin dutse ne marar nauyi da ake haƙowa a Turkiyya. Sabonsa fari ne fat kamar madara. In an yi shekaru ana shan taba da shi, sai dutsen ya riƙa tsotse man tabar, ya rine ya koma ruwan zuma, daga nan ya yi ja kamar dabinon da ya nuna. Wannan rinin shi ne masu tara lofe ke haukacewa a kai.

Na farkon, wani alhaji Baturke ya ba shi, shekara ashirin da bakwai da suka wuce, lokacin Mahmudu yana aikin jagoran alhazai a Mina. Mutumin ya ɓace cikin tantuna, Mahmudu ya mayar da shi wurin iyalinsa. An sassaƙa lofen kamar ƙafar mikiya riƙe da ƙwai. Sauran daga baya ya yi ta saye, amma ban da mai fuskar mutum, wai haramun ne ajiye gunki a gida. Ita tabar dai ba a taɓa jin ya yi mata fatawa ba.

Kullum bayan la'asar sai ya hau soro, ya riƙe mai ƙafar mikiya da farin hankici, yana zuƙa a hankali kamar mai tsoron ya tashe shi daga barci. In Rabi'atu ta zo wucewa da shanya, sai ya janye hannu.

"Kar ki taɓa, ya Umm Majid! Dutsen nan abin da ya sha ba ya mayarwa. Ko zufar yatsa ce, ta zauna ke nan."

Ta ji wannan karatu har ta haddace.

Ita ma tana da nata. Wani ɗan kaskon turaren wuta na yumɓu, baƙi ƙirin, bakinsa a ɓantare. Kakarta Ɗaso ta taho da shi daga ƙasar Kano a ƙulle cikin zane, zamanin da ake zuwa Makka a ƙafa ta Sudan. Da shi aka turara kayan auren uwarta, da shi aka turara nata. Ko babu wuta a ciki, in ka kai hanci sai ka ji ƙamshi. Saura wata biyu bikin 'yarta Lujain, har ta harhaɗa turaren.

Ana haka Mahmudu ya kawo masu fenti. Rabi'atu ta je unguwar Ka'akiyya gaisuwar rasuwa, ta dawo ta tarar da bango fari tas, kantar da kasko ke zama kuma an ɗora wata mabkara, kaskon turare mai lantarki, mai walƙiya kamar kofin gasa.

"Ina kaskona?"

"Wannan tarkacen? Ai ya yi baƙi, datti ne kawai. Motar sharar baladiyya ta tafi da shi. Ga sabo nan na sayo miki, ko gawayi ba kya nema." Ya faɗa yana duba wayarsa, ko ɗago kai bai yi ba.

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta sauka ta leƙa durom ɗin shara, an kwashe, har an wanke. Ta hawo ta dafa masa shayi da na'ana'a yadda yake so. Kande ta ce ranar da ta ga Rabi'atu ta kai shayin nan da murmushi, ranar ta fara tausayin Abu Majid.

Abu ɗaya take so: ya ji abin da ta ji, ya kuma faɗa da bakinsa cewa kaskon ba datti ba ne. Mako uku tana jira.

Sai ga labari, Baturken nan zai zo umara. Duk shekara Mahmudu kan aika masa hoton lofen ta waya, bana zai gani da idonsa. Mutum ya kasa zama. Ya shafe lofen da kakin zuma, ya goge, ya ɗaga shi a hasken taga yana ta masha Allah shi kaɗai.

Ranar Juma'a ya tafi Harami, daga can zai taho da baƙon cin abincin rana. Makullin kabad yana aljihun tsohuwar taguwarsa, mai wankin taguwa kuwa ba sai an tambaya ba.

Rabi'atu ta ɗauko mai ƙafar mikiya da hannunta tsirara, hannun da ta gama yanka albasa da shi. Ta tsiyaya masa humra har baki, ta zauna tana kallo dutsen yana shanyewa. Ta ƙara. Sannan ta kafa shi a kwanon yashi, ta ɗora garwashi ja wur, ta barbaɗa turare.

"Innalillahi! Rabi, kashe shi za ki yi?" in ji Kande da ta shigo, ta dafe ƙirji, amma ta gyara zama don ta gani da kyau.

"Turara kayan 'yata zan yi. Miƙo min lafayar nan."

Suna kan na uku suka ji ƙas! Tsaga ta bi ƙwan daga sama har faratan mikiya. Bakin ya ƙone ya yi baƙi. Rabi'atu ta ƙara garwashi.

Baƙo ya ci shinkafa da naman rago har ya jingina da matashi. Aka zo turaren bayan abinci. Ta ƙwanƙwasa ƙofar majalisi, ɗakin baƙi, Mahmudu ya miƙo hannu ya karɓi tiren da kwanon yashin ke kai yana ci gaba da hira, bai duba ba. Ta tsaya a bayan ƙofa, Kande na maƙale da kafaɗarta.

Hirar ta yanke. Can Baturken ya yi tari, ya ce cikin gurguwar Larabcinsa, "Wannan... shi ne?" Ya miƙe tsaye. Ko shayi bai jira ba, wai yana son ya samu la'asar a Harami.

Mahmudu ya shigo falo riƙe da kwanon. Ihu ba dama, tagogi a buɗe, liman kuma gidansa na kallon nasu.

"Shekara ashirin da bakwai, Rabi."

"Nawa ya haura tamanin."

"Kin san ba ya wankuwa. Kin sani!"

"Kai ka koya min, ya Abu Majid. Ni dai na ga ya yi baƙi, na ce datti ne kawai." Ta jawo wata leda daga bayan kujera ta ajiye a gabansa. "Ga sabo nan na sayo maka. Na lantarki ne, irin na samari. Ko ashana ba ka nema."

Ya dubi ledar, ya dubi mabkarar da ke walƙiya a kan kanta. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya daɗe yana shafa tsagar da ɗan yatsa, ba hankici.

"Kaskon Ɗaso," ya ce, murya can ƙasa, "ba datti ba ne."

"Ɗaga murya. Kande ba ta ji ba."

"Na ji!" in ji Kande daga kicin.

Rabi'atu ta zaro makulli daga ƙullin mayafinta ta miƙa masa. "Sauran goma sha ukun suna nan lafiya. Wannan kam ka bar min, ban gama da kayan Lujain ba."

Ta karɓi kwanon daga hannunsa, ta hura garwashin ya sake yin ja.