Saura Mutum Ɗaya a Baya

Tun da aka binne abokinsa Reino, hannun Arvo na hagu ya daina jin maganarsa.

A hanyoyin dajin Keweenaw, can kusa da iyakar Kanada, idan ayari biyu na masu mashin ɗin ƙanƙara suka yi kiciɓis, kowa yakan ɗaga hannu ya nuna da yatsu yawan mutanen da suka rage a bayansa. Na ƙarshe shi ke dunƙule hannu, masu tahowa su san hanya ta zama tasu. Shekara da shekaru ayarin su Arvo mutum huɗu ne. Wendell a gaba, sai ƙanwarsa Marlys, sai Arvo, sai Reino can ƙarshe da igiyar jan wanda ya maƙale a bayan mashin, yana tafe a hankali kamar wanda ya ɗauko ƙwai. Saboda haka Arvo yatsa ɗaya ya sani. Bana igiyar ta dawo wurinsa, shi ne na ƙarshe, amma yatsan nan ya ƙi kwanciya.

Ran Asabar da hantsi suna bukkar shan ɗumi, Marlys ta ɗora musu burodi mai nama da dankali a kan murhu, sai ga wata mata ta banko ƙofa, ko hular kwano ba ta cire ba.

"Wane ne na ƙarshenku?" in ji ta.

Arvo ya ajiye kofin kofi. "Ni ne."

"Haba Baba! Yatsa ɗaya ka nuna mini. Na ja gefe wajen tsohuwar mahaƙar tagulla ina jira mutum ya wuce, shiru. Na bi sawunku har bakin tafki ina leƙa kowane rami, na ce ko ya kife. Ina mutumin naku?"

Marlys ta juyo daga murhu.

"Ya rasu, 'yar nan. Da kaka."

Matar ta cire hular, ta shiga ba da haƙuri. Wannan haƙurin ya fi faɗan yi wa Arvo ciwo. Kunya ta rufe shi, don ya san ita ce da gaskiya: ya sa 'yar mutane yawo a gefen tafki ita kaɗai tana neman wanda ke kabari.

Tana fita Wendell ya fara. Shi dama bakinsa ba ya da birki.

"Ka ga abin da nake gaya maka ko? Dunƙule hannu fa, Arvo! Jariri ma da shi ake haihuwarsa. Wata rana wani zai tsaya jiran Reino a kan kwana, na bayansa ya zo ya kwashe shi."

"Na sani."

"Ka sani, sai me?"

"Sai na daina," in ji Arvo. "Ina gaya wa hannun tun daga nesa, ana zuwa kusa sai in ga yatsa a sama. In mun koma yau zan tura mashin ɗin rumfa. Ɗan ƙanena ya daɗe yana maitarsa."

Ba barazana yake yi ba, su ma sun gane. Kuma shi ya san abin da zai biyo baya: hunturu guda a kujera gaban taga, daga shi sai rediyo. Matarsa ta riga Reino tafiya. Mutum biyun nan su ne suka rage masa.

"Ka dawo tsakiya mana, ni in koma ƙarshe," in ji Marlys.

"Da wace kafaɗar?" in ji Wendell. "Ke da likita ya hana ɗaukar tukunya, ke za ki ciro mutum daga rami?"

Suka cinye burodinsu, suka kashe wuta, suka fita.

Arvo yana ɗaure hularsa sai ya ji ana taɓa bayan mashin ɗinsa. Wendell ne, ya cire safar hannu cikin wannan sanyi yana kwance igiyar Reino. Wendell fa! Mutumin da tun suna samari bai taɓa yarda ya shaƙi hayaƙin wani ba, mai cewa na baya ba abin da yake gani a duniya sai ɗuwawun abokansa.

"Me kake yi?"

"Sata nake yi, kira 'yan sanda." Ya ɗaure igiyar a nasa mashin, ya ja ƙullin da haƙori. "Marlys, ja gaba. Don Allah kada ki kai mu Kanada."

"Wendell, ba sai ka..."

"Rufe mini baki, tsoho. Hannunka ya ƙi gyaruwa, to mun gyara layi. Hau mu tafi, yunwa nake ji."

"Yanzu fa ka ci."

"Wannan abin da ta ƙona?"

Suka kama hanya. Bayan gadar katako wani ayari ya ɓullo daga cikin itatuwa. Marlys ta ɗaga yatsu biyu. Arvo bai ce wa hannunsa komai ba, yatsa ɗaya ya tashi da kansa. Sannan ya dubi madubi, abin da ya daina yi tun farkon hunturu.

Akwai fitila a ciki. Wendell ne, dusar ƙanƙarar da Arvo ke watsawa ta mayar da shi fari fat, ya dunƙule hannu sama, kansa na kaɗawa, da gani zagi yake yi. Idon Arvo ya cika da hawaye har hanya ta dushe masa, dole ya rage gudu. Nan take na bayansa ya shiga kunna masa fitila yana kashewa, wai ya yi sauri.