Sai Babur Ya Tashi

"Riƙe shi da kyau," in ji Direba, "kar ki bari ya karkata."

Mama ta ƙanƙame kan babur ɗin da hannu biyu, ta tokare ƙafarta da simintin garejin. Mijin nata ya ɗora ƙafa a kan kiki, ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya danna. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Ya sake dannawa. Ko tarin ma bai samu ba.

"Saura ƙiris," ya ce yana haki.

"Kunnena ya gaji da ƙiris ɗin nan. Zauna kafin ka faɗo min."

Sunan Direba ya bi shi tun yana jan babbar motar fasinja, har ita ma da shi take kiransa. Da ya ajiye aiki sai ya jawo tsohon babur ɗinsa na samartaka daga bayan gida, inda tsatsa ta cinye shi, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Ya warware shi noti-noti ya zuba a gwangwanaye, ya kankare tanki ya yi masa jan fenti, ya bi rumfunan tsofaffin ƙarafa har ya samo fitila irin ta da. Yanzu babur sai sheƙi yake kamar ango. Mai shi ne ya lalace. Hannunsa na dama ya kama rawa, Mama ce take ɓalla masa maɓallin riga, ita take riƙe masa kofi.

Kwanakin baya ya faɗi a banɗaki. Ta ja, ta ɗaga, ta kasa, sai da ta fita titi ba takalmi ta kira maƙwabci. Tun ranar ƙugunta bai koma daidai ba. 'Ya'yansu suka yanke shawarar su biyun su koma wajen Auta, ƙaramar 'yarsu, wadda gidanta ke kusa da asibiti. Ɗakin da ta ware musu mai kyau ne, amma ko inda za a jingina keke babu. Direba bai yi musu ba. Cewa kawai ya yi, "Na ji. Sai babur ya tashi."

Shi kuwa babur ya ƙi tashi.

Ana cikin haka motar Auta ta tsaya a ƙofar gida. Ta shigo da kayan aikinta a jiki, ta rungumo kwalayen haɗa kaya, wani mutum mai furfura da baƙin mai a gaban riga yana biye da ita.

"Baba, ga bakaniken da ke duba min mota. Ya ce ya san irin wannan babur."

"Wa ya ce miki ina neman bakanike?"

"Ba wanda ya ce. Dubi Mama yadda take tsayawa."

Mama ta yi sauri ta sauke hannunta daga ƙugu.

Bakaniken ya gaishe su, ya zagaya babur yana girgiza kai don sha'awa. "Kai, ranka ya daɗe, wannan aiki ya yi. Rabona da ganin irinsa tun ina koyon sana'a." Ya durƙusa, ya leƙa tanki, ya taɓa nan ya taɓa can. Da ya zura hannu ƙarƙashin kujera sai ya dakata. Ya zaro wata siririyar waya. Ba tsinkewa ta yi ba. An cire ta ne, an naɗe bakinta tsaf da baƙin tef, an tura ta inda ido ba zai kai ba.

Ya dubi wayar, ya dubi Direba. Direba yana kallon bango.

Auta tana waje tana amsa kira, ba ta gani ba. Mama ta gani. Ta san naɗin nan, irinsa ne a jikin wayar dutsen gugarta.

"Girgiza ce ta zare ta," bakaniken ya ce a hankali, ba tare da ya ɗaga kai ba. "Yakan faru."

Ya mayar da ita, ya buga kiki sau ɗaya. Garejin ya ɗauki ƙara, gwangwanaye suka hau rawa a kan kantar garejin, shuɗin hayaƙi ya fita ta ƙofa. Auta ta shigo da gudu tana tafi, ta rungume mahaifinta ta baya.

"Baba, ka gama! Wallahi ka gama!"

"Na gama," ya ce.

Ta ce za ta turo mota ranar hutunta, ta jingina kwalayen a bango, ta tafi mayar da bakanike.

Mama ta jawo bokitin fenti ta kifa, ta zauna da ƙyar. Warin fetur ya cika wurin. Ta tuna yawan ranakun da ta tsaya riƙe da kan babur ɗin nan, bayanta kamar zai tsage, shi yana buga kikin da ya san ba zai kama ba. Ta nemi fushi a ranta, ta tarar ko ƙarfinsa ba ta da shi.

"Tun yaushe yake tashi?" ta tambaya.

"Ya kwana biyu." Ya danne hannun da ke rawa da ɗayan. "Ranar da kika je karɓo magani. Na saurare shi, na kashe."

"Ka bar ni ina ta riƙo."

"A can me zan riƙa yi? In zauna a taga ina ƙirga motocin mutane?"

Ta dubi sifanunsa na kwance noti a rataye, kowace da ƙusarta, da tabon zamansa a kan benci. A nan kaɗai yake ba majinyaci ba.

"Kujerar ma ai ta tsage ta gefe," ta ce can. "Sai in ce wa Auta aikin bai kammalu ba. Ta ƙara mana lokaci."

Ta yunƙura za ta tashi ta nuna masa wurin, ƙugun ya riƙe ta a rabin hanya. Ta dafa bango, ta cije leɓe, ta jira ya sake ta. Direba ya daɗe yana kallonta.

"Kujerar lafiyarta ƙalau," ya ce. "Koma ki zauna."

Ya ja ƙafa zuwa bango, ya ɗauki kwali ɗaya ya buɗe shi a kan benci, ya fara sauke sifanun daga ƙusoshinsu.