Faɗuwar Tsohon Tela

A ƙasan benen asibitin, kusa da inda ake wankin zannuwan gado, akwai wani ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai ƙara. Nan ake kawo fayil ɗin duk wanda likita ya duba, a karanta abin da ya rubuta, a mayar da shi lambobi a kwamfuta. Kowace cuta da lambarta, kowane rauni ma haka, har da yadda aka yi aka ji raunin. Matar da ta fi daɗewa a wannan aiki, shekara goma sha ɗaya, ita ake kira Anti Tambaya, don likitoci kan canza hanya in sun hango ta da fayil a hammata.

Wata safiya fayil ɗin wani tsohon tela ya zo hannunta. Likitan ƙashi ya rubuta: "Ya faɗi. Karaya a wuyan hannun dama." Shi ke nan.

Faɗuwa kuwa iri-iri ce a wurinta. Wanda santsi ya kwashe, lambarsa daban. Wanda ya yi tuntuɓe, daban. Wanda ya faɗo daga matakala ko kujera, daban. Akwai kuma lambar "ba a fayyace ba", wadda abokin aikinta ya fi so don ba ta hana shi tashi da wuri.

"Anti, sa masa waccan mana ki huta," in ji shi.

Ta buɗe takardar nas. 'Yar tsohon ta ce santsi ne a banɗaki. A layi na gaba, tsohon da bakinsa ya ce tuntuɓe ya yi da tabarma. Ta koma baya cikin fayil ɗin, ta ga wata biyar da suka wuce an ɗinke masa goshi, wata biyu da suka wuce kuma an duba masa gwiwa. Duk "ya faɗi".

Ta tare likitan a bakin matakala yana sauri.

"Likita, gado na tara, zamewa ya yi ko tuntuɓe?"

"Anti, don Allah, ƙashi ya karye, na gyara. Ina can lokacin da ya faɗi?"

"Ba ka can. Amma ka ba ni izini in tambaye shi?"

Ya ɗaga hannu ya wuce. Ta ɗauki wannan a matsayin izini.

Ta samu tsohon a jingine, hannu cikin filasta, 'yarsa na ɓare masa lemo. Bayan gaisuwa da ya jiki, ta ce, "Baba, ni ba likita ba ce, takarda kawai nake cikewa. Yaya aka yi ka faɗi?"

"Tabarma ce, 'yata."

"Baba, ba ka ce mini banɗaki ba?" in ji 'yar.

"To, tabarmar banɗaki."

Anti Tambaya ta danne dariya. Ta lura idonsa na kan 'yar tasa, sai ta roƙe ta ta karɓo mata katinsa a wurin nas. 'Yar na fita, Anti Tambaya ta ja kujera ta matso.

"Baba, ƙafarka ce ta tafi ta bar ka, ko wani abu ta buga?"

Ya shiga murza gefen zanen gado kamar mai duba ingancin yadi.

"In na faɗa miki, za ki gaya mata? Rufe mini shago za ta yi. Shekara arba'in da shida ina kan keken ɗinkin nan."

"Likita zan gaya wa. Ita kuma kai za ka gaya mata."

"A shago ne. Na daɗe a zaune, na miƙe zan sauko da yadi, sai duniya ta yi duhu. Na farka na gan ni a ƙasa, almakashi kusa da kunnena."

"Na goshin fa?"

"Shi ma haka."

"Tun yaushe kake ganin duhun?"

Ya ƙirga a yatsun hagu. "Tun da aka ƙara mini maganin hawan jini."

"Ƙarawa aka yi, ko canzawa?"

Ya nuna mata leda a kan lokar gefen gadonsa. Kwali biyu ne a ciki, tsoho da sabo, kuma duka biyun yake sha kullum. A fayil kuwa ta riga ta ga an rubuta a daina na farko.

Ba aikinta ba ne ta rubuta cuta, don haka ta koma ta tsaya a ƙofar ɗakin tiyata kusan rabin awa har likitan ya fito. Ya fara tsaki, amma da ya ji maganar kwali biyu, ya karɓi fayil ɗin ya yi gaba tana biye. Ya sa aka auna jinin tsohon a kwance, aka sake aunawa a tsaye. Ya dubi sakamakon awon, ya dube ta, sannan ya zauna a gefen gado ya cika rabin shafi: suma bayan miƙewa, faɗuwa a wurin aiki, magani biyu a haɗe. Ya tura a kira likitan zuciya.

'Yar ta dawo da kati ta tarar da taro. Tsohon ya faɗa mata gaskiya yana kallon silin. Ta yi faɗa, ta yi kuka kaɗan, daga ƙarshe suka daidaita: shago zai buɗe in hannu ya warke, amma za a sauko da yaduka daga kantar sama.

Anti Tambaya ta tattara fayil za ta fita, tsohon ya kira ta.

"'Yata, wa ya ɗinka miki rigar nan?"

"Me ka gani, Baba?"

"Hannun hagu ya fi na dama tsawo. Ki kawo ta bayan sati shida."

Ta sauka bene tana miƙa hannuwanta gaba tana gwadawa. Wallahi gaskiyarsa ne, kuma shekara biyu tana sa rigar.