Hoton Baba Khiem Ya Ƙi Girma

"Sake fitarwa," in ji Gwaggo Thuc. "Wannan ai ba mutum ba ne, tabarma ce."

Nhan ta sake danna na'urar buga hoto. Takarda ta fito, fuskar mahaifinta duk ta farfashe gida-gida, ido ba ido ba, baki ba baki ba. Can ɗakin ciki kuwa gawar Baba Khiem na kwance, masu akwatin gawa har sun iso. A lungun nan ba a fitar da mamaci sai da hotonsa a gaba, a dawo a ɗora shi kan teburin kakanni ana kunna masa turare. Ga babban firam a jingine, wayam.

Thuc ta ji abin har cikin ranta. Tun suna da baƙin gashi take sayar da miyar taliya a ƙofar shagon Baba Khiem na ɗaukar hoto. Shi ya ɗauki bikinta, shi ya ɗauki hoton da ke kan teburin marigayi mijinta. Duk wanda ya tsaya gaban kyamararsa sai ya sha tsawa: "Ku matso kusa! Kai ango, matso mana, ba cizo take yi ba!"

Da waya ta kashe kasuwar, sai maƙwabta suka koma kawo masa tsofaffin hotuna ya sa a kwamfuta, a tura wa 'ya'yan da ke ƙasashen waje. Hotunan su yi nauyi, su ƙi tafiya. Nhan ce ta zo hutu daga birnin Da Nang ta haɗa masa wata jaka a cikin kwamfutar. Duk hoton da ya jefa ciki, ita da kanta za ta rage masa girma, ta matse nauyinsa, ta share babban don kada tsohuwar kwamfutar ta cika. Kai, ranar lungu bai huta ba. "Na samu ma'aikacin da ba ya shan miya!" Haka ya yi ta faɗa wa kowa.

Makon jiya da safe ya fito cikin kwat, wuyansa na yawo a cikin kwala saboda rama.

"Aure za ka ƙara?" Thuc ta tambaya, ludayi a hannu.

"Wa zai aure ni, ke ma kin ƙi. Zo ki danna mini nan."

Ya kafa kyamara, ya zauna, ya gyara gashi. Ta gane hoton jana'izarsa yake shiryawa, ta danna. Shi kuma hannu ya riga ya saba. Ya jefa hoton a jakar nan, ya goge katin kyamara kamar kullum, ya sha rabin kwanon miya ya shiga ciki.

"Babu babban, Gwaggo, na duba ko'ina," Nhan ta ce, farin ƙyallen makoki na zamewa daga goshinta. "Da ban haɗa abin nan ba..."

"Ke, rufe mana baki. Da abin nan jikokina suka san fuskar kakansu."

"To ko na katin shaidarsa?"

"Wanda ya fito kamar ɓarawon agwagi? Haba! Ya tsani hoton nan." Thuc ta share ido da gefen riga. "Wannan na kwat ɗin, a wane girma yake fitowa tas?"

"Kamar kwalin ashana."

"Buga shi haka."

Suka shimfiɗa farar takarda a firam ɗin, suka liƙa shi tsakiya. Ya fito ras, da kwat ɗinsa, da ɗan murmushin nan na gefen baki da yake yi in zai tsokane ta.

Masu gaisuwa suka fara shigowa. Mai gyaran babur ya tsaya daga nesa da tsinken turare, ya kanne ido, bai ga komai ba. Ya taka gaba, ya ƙara takawa, ya sunkuya. Na bayansa ma haka, kowa sai ya je dab da shi.

Thuc ce ta ƙarshe. Ta ajiye masa kwanon miya mai zafi, ta sa tabarau, ta matso har numfashinta ya rufe gilashin. Ta sa hannun riga ta goge.