Kunyar Ɗan Fari

Nonon ne ya fara tona mata asiri. Tun kafin kukan ya isa kunnen sauran mata, gaban rigar Sakinatu ya jiƙe sharkaf, ya manne mata a ƙirji. Ta ƙara sunkuyawa cikin audugar, tana tsinka tana cusawa a buhun da ke rataye a ƙugunta, kamar ba ta ji komai ba. Ai kuwa ta ji! Can a bakin hawasha, gonar Balaraben da suke yi wa tsinkar auduga, ƙarƙashin zanen da aka ɗaura a kan kara huɗu, ɗanta ne ke tsala ihu har muryarsa ta fara dushewa.

Amma ɗan fari ne, kuma surukarta Habi tana nan, layi biyu ne tsakaninsu. A kambonsu, wato 'yar ƙauyen 'yan ƙwadago da ke bayan garin Kamlin, uwar ɗan fari ba ta tashi da kanta. Sai an ce mata je ki, ta yi kamar ba da ita ake ba. A sake faɗa, ta kawo uzuri. A na uku ne za ta tafi tana ɓata rai, kamar an aike ta dole. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta cewa ga abin da ke damunsa.

"Ke Sakinatu," in ji Habi, "ba ki jin maigidana na kuka?"

Ta ci gaba da tsinka.

"Da ke nika, ɗiyar nan."

"Bari in ida layin ga, Inna."

Mata suka yi dariya ta jin daɗi. Wata tsohuwa da ake kira Yalwa ta miƙe tana dafe da baya. "Kun ga ɗiyar mutunci ke nan! Ba irin 'yan yanzu masu koyi da Larabawa ba, a rungume ɗa ana tsotsar bakinshi gaban kowa."

Sai da Habi ta faɗa a karo na uku sannan Sakinatu ta kwance buhun. Ta tafi a hankali, ƙafafunta na son gudu tana danne su.

Abdussalami watansa bakwai. Makon jiya ma yana zama daram, har ya fara jan ciki yana bin buhunan auduga, in ya kama tsinke ɗaya sai baki. Yau a kwance ta same shi, ƙudaje sun taru a gefen idonsa, tsumman da ke ƙarƙashinsa ya jiƙe da zawo. Kwana uku ke nan. Ta zauna ta juya wa mata baya, don iyakar lokacin da yake zama nata ke nan. Ta shinshina kansa, ta sa yatsa a maɗigarsa, gabanta ya faɗi: wurin ya lotsa ciki. Ya kama nonon ya ja sau biyu, ya saki.

Ta san daga inda abin ya fara. Tun da aka shiga tsinka, sau uku kawai take samun ba shi nono a wuni. In ya yi kuka a tsakani, Habi ce ke ɗebo ruwa a ludayi daga tur'a, magudanar da ke shayar da gonakin, ta ɗura masa. A ruwan nan jakuna ke sha, a nan ake wanki. Sakinatu ta gani da idonta tun ranar farko. Ba ta ce komai ba.

* * *

Kada wani ya ce Habi muguwa ce. Wallahi ba ta da abin da take so a duniya kamar jikan nan. Tana yarinya aka taso da ita daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, za a Makka. A hanya ta binne uwa, a nan Jazira ta binne uba da miji, Makka kuwa har yau ba ta gan ta ba. Gonar da take wa aiki ba tata ba ce, ƙasar da ɗakinta ke kai ma ba tata ba ce. Jikokin maƙwabta sun fi jin Larabci da Hausa. Abin da ya rage mata na gida shi ne kunya, shi ya sa ta riƙe ta da hannu biyu.

Da la'asar a tsakar gida, Habi ta ɗora yaron a cinya ta buɗe bakinsa da yatsa. Ta daɗe tana leƙen dasashinsa na ƙasa.

"Na faɗi! Ga su nan fari tas. Haifat na."

Haifat, mugayen haƙora ke nan da ake cewa suna kwance cikin dasashi suna shan jinin yaro suna sa shi zawo. Wannan kam ba daga Sakkwato aka zo da shi ba, a nan suka tarar da shi suka ɗauka. Mati wanzami ya koyi cire su, har daga wasu kambo ake kawo masa yara.

"Gobe da hantsi Mati ya zo ya hidda mishi su, mu huta," in ji Habi. Ta ɗaga yaron tana girgizawa. "Ko ba haka ba, maigidana? Ka warke ka noma mini dawa."

Sakinatu tana tsugune tana tankaɗe. Ba ta ɗaga kai ba, amma rariyar ta tsaya a hannunta.

Da ta je ɗibar ruwa, maƙwabciyarsu Talatu ta biyo ta har bakin tur'a. Talatu ta girme ta da shekara goma, kuma bara ta binne 'yarta Huseina, kwana biyu bayan Mati ya taɓa bakinta.

"Na ji abin da Inna ta ce ta bayan zana," in ji Talatu. "Kada ki yarda, Sakina. Haƙoran Allah na, kowane ɗa na da su. Ni ban sani ba sai da hakim, likitan gari, ya gaya mini, lokacin ba ta da sauran amfani."

"Yaya Talatu, ni mi zan ce? Da wane baki?"

"Da bakin da kike cin tuwo! Gobe kasuwa, lori na biyowa da hantsi. Ki goya ɗanki ki kai shi shafakana, asibitin Kamlin, su ba shi magani. Ruwan jikinshi na ya ƙare, ba wasu haƙora ba."

"A ce na ɗauki ɗan fari na ruga da shi gaban surukata? Ina zan sa kaina a kambon ga?"

Talatu ta dube ta, idonta ya kawo ruwa. "To ki gaya wa ubanshi. Shi namiji na."

* * *

Ta sami mijinta Jibirin a bayan ɗaki kafin magariba, yana gyara ƙotar fartanya. Ta durƙusa nesa kaɗan. Duk maganar da ta tsara a hanya ta watse.

"Malam."

"Na'am."

"Yaron gidan ga... jikin nashi."

Jibirin bai ɗago ba, amma hannunsa ya daina aiki. Shi ma ɗan farinsa ne. Wata bakwai bai taɓa ɗaukarsa ba sai ran suna, da aka miƙa masa ya yi addu'a. Sakinatu ta taɓa kama shi yana leƙen yaron ta ƙofa, yana murmushi shi kaɗai, da ya gan ta sai ya yi kamar takalmi yake nema.

"Inna ta ce Mati na zuwa," in ji shi.

"An ce akwai hakim a Kamlin. An ce lori na biyowa."

Ya jujjuya fartanyar a hannunsa.

"In je in ce ma Inna mi? In ce ba ta iya riƙon ɗa ba, ita da ta raine ni? Yaron nata na. Ke ma kin sani." Ya ɗauki fartanyar ya miƙe. "Allah shi ba shi lafiya."

"Amin," ta ce. Haushi ya cika ta, nasa da nata duka, har ta ji kamar ta kurma ihu. Ta tashi ta je ta hura wuta.

* * *

Da hantsi Mati ya iso da zabirarsa. Aka shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, Yalwa da wasu mata biyu suka shigo taya riƙo. Uwar ɗa ba ta tsayawa a irin wannan wuri, don haka Sakinatu ta koma bayan zanan madafa. Ta wata 'yar kafa tana ganin komai. Mati ya zaro basilla ya goge ta a gefen rigarsa, ya kara ta a garwashi. Habi ta rungume yaron tana masa waƙa. Shi kuwa ko kuka bai yi ba, kansa ya langaɓe a hannunta.

Sai ga ƙahon lori daga kan hanyar tur'a, sau biyu.

Ba ta san lokacin da ta fito ba. Ta dai gan ta tsaye a tsakar gida, taku uku tsakaninta da ɗanta, zanen goyo a hannunta. Taku uku kacal! In ta miƙa hannu ta sunkuce shi ta fita a guje, lorin yana tsayawa ɗaukar buhuna, za ta cim masa. Kowa ya juyo yana kallonta. Mati ya tsaya da basilla a sama. Yalwa ta riƙe haɓa.

"Lafiya, ɗiyar nan?" in ji Habi, da mamaki ba da faɗa ba. "Mi kika zo yi nan?"

Abdussalami ya ji motsinta, ya juyo da ido yana nemanta. Bakin Sakinatu ya buɗe. Ta dubi fuskokin nan huɗu, matan da suka yi mata wankan jego, suka dama mata kunun kanwa kwana arba'in.

"Tsintsiya na zo ɗauka, Inna."

"Ga ta can bakin randa."

Ta ɗauki tsintsiyar ta koma bayan zana. Lorin ya sake busa ƙaho ya tashi. Ƙarar da yaron ya yi ba ta da ƙarfi, siririya ce, amma ta ratsa ta har tafin ƙafa. Ta cusa bakin zanen goyon a bakinta ta cije. Can ta ji Mati yana cewa, "Kun gan su? Kamar tsabar gero. Da an ƙara kwana biyu da sun gama da shi." Mata suka yi ta salati suna sa masa albarka.

* * *

Bai ƙara kama nono ba. Bakin ya kumbura, jikin ya ɗauki zafi, in ta matsa masa nono a leɓe sai ya gangaro ta gefe haɗe da jini. Washegari Habi ta hana kowa zuwa gona, ta zauna da shi a cinya tana tofa masa addu'a, ko ruwa ba ta sha ba. A rana ta biyu da sassafe ta ɗago jajayen idanu ta dubi ɗanta.

"Jibirin, nemo jaki. A kai shi wurin hakim ɗin."

Yanzu kuma! Kafin a ɗaura wa jakin akumari, Abdussalami ya ja numfashi sau biyu a hannun kakarsa, ya yi shiru.

Habi ta yi kuka kamar ranta zai fita. Ita tana da damar yi. Maza suka naɗe shi a ɗan ƙyalle, Jibirin ya ɗauke shi a hannu, karo na biyu a rayuwarsa, suka nufi maƙabarta a bayan gonakin dawa. Sakinatu tana zaune a ƙuryar ɗaki, kai a sunkuye, mata na shigowa gaisuwa. Uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane, ita ma ba ta yi ba.

"Kun ga haƙuri?" ta ji Yalwa na faɗa a waje. "Ko ɗigon hawaye. Wallahi Habi ta yi dacen suruka."

Sai Talatu ta shigo. Ta zauna kusa da ita, ta kama hannunta ta riƙe.

* * *

Auduga ba ta jiran mai makoki. Bayan sadakar uku suka koma hawasha, don mai gona ya aiko sau biyu. Karan nan huɗu suna nan a kafe a bakin gona, ba wanda ya tuna ya cire su.

Da rana ta take, daidai lokacin da ya saba farkawa, ƙirjinta ya ɗaure, rigar ta jiƙe. Ta tsaya da tsinka tana jira. Sai da ta daɗe a tsaye sannan ta gane abin da take jira: a ce mata je ki. Habi tana can layi biyu, ta sunkuya, ba ta ɗago ba.

Sakinatu ta kwance buhun da kanta. Ta ratsa audugar ta wuce mata, ta isa wurin karan ta zauna a tsakaninsu, ta juya wa kowa baya kamar yadda ta saba. Ƙasar wurin tana nan da ɗan lotsawa inda yake kwanciya. Ta ɗora tafin hannunta a kai.

"Abdussalami," ta ce.

Sunan ya yi mata baƙo a baki, don ba ta taɓa furta shi ba. Ta sake faɗa, da ɗan ƙarfi. Nonon yana ɗiga a kan busasshiyar ƙasa, ƙasar tana shanyewa.