Awon Yatsa Biyu

Yayana ne ya jawo mana, kamar yadda ya saba. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, makullin tsohuwar motarsa ya koma hannun Yaya. Bai shawarci kowa ba ya kai aka rage mata tsayi har cikinta ya kusa lasar ƙasa, ya sa mata tayoyi masu faɗi, wai haka ake yayi. Sai da tayar baya ta fara gogar bodi sannan ya tuna yana da ƙane mai gyaran bodin mota.

"Auta, ɗan taɓa mata ramin tayar nan mana. Aikin minti goma ne."

Minti goma a bakin wanda bai taɓa riƙe guduma ba! Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni. Baba ne ya koya mini sana'ar nan. Shekara arba'in yana dukan motocin mutane, amma tasa ko sau ɗaya guduma ba ta taɓa ta ba, kuma da wannan yake alfahari. In ya ji mun lanƙwasa mata ƙarfe, ban san da wane ido zan dube shi ba.

"Ba zai sani ba," in ji Yaya da na faɗa masa damuwata. "Daga gado sai keke, ina zai leƙa ƙarƙashin mota?"

Na yi aikin a garejina. Na cire tayoyin, na ɗumama fentin don kada ya tsage, na bi leɓen ƙarfen da ke cikin ramin da ƙaramar guduma, kaɗan-kaɗan, har ya kwanta. Daga waje ko tabo babu. Na mayar da tayoyin, na sauke jak, na zura hannu: yatsa biyu cif tsakanin roba da ƙarfe, hagu da dama. Na zaga layi sau uku ban ji ko ƙis ba. Har na ɗan ji daɗin kaina, Allah ya yafe mini.

Ranar Talata muka ɗauki Baba zuwa asibiti gashin ƙashi. Muka kama shi muka zaunar da shi a baya ta hagu, Mama a gefensa da jakar magani, kekensa a but. Yaya ya ja, ni ina gaba ina addu'a a zuci.

A ramin farko na bakin layinmu bayan motar ya lotsa, sai ƙiiii, daidai ƙarƙashin Baba. Warin roba ya shigo ta taga. Yaya ya kai hannu zai kunna rediyo.

"Bari," in ji Baba. Maganarsa da ƙyar take fita yanzu, dole mu yi shiru mu jira ta. "Auta. Ka daki leɓen?"

"Na daka, Baba."

"Nawa ka bari?"

"Yatsa biyu."

"Wa ke ciki... da ka auna?"

Sai a lokacin na tuna. Sau nawa ya ce mini ba a auna ramin taya sai an ɗora wa mota nauyin masu shiganta? Da kansa yake tara makanikai su cika kujerar baya kafin ya zura yatsa.

"Babu kowa, Baba."

Mama ta goge masa gefen baki da hankici.

"Aikin ya yi kyau," ya ce. "Kun dai auna ta ne ba ni a ciki."