Jan Launi a Takardar Goggo Kyauta

Mako uku ke nan da Malam Ubale ya karɓo sakamakon gwajin yayarsa, Goggo Kyauta, daga wani asibiti a Kano, kuma har yau babu wanda ya ga takardar. "Alhamdulillahi, da sauƙi," iyakar abin da ya ce ke nan. Sai kuma ya shiga wata irin kyautatawa. Duk Alhamis in ya tashi daga kasuwar dabbobi ta Maigatari, inda yake dillanci, sai ya biyo Sule Tankarkar da hanta a ƙunshe, ya zauna bakin tabarmarta yana tausasa murya.

Goggo Kyauta ba yarinya ba ce. An yi mata aikin sankarar mama, saura zagayen magani da za a fara ranar Litinin ta sama. Ta dubi hantar nan ta mako na uku, ta ce da 'yar ƙanen nata, "Khairiyya, ba inda za ni. Wanda Ubale ya fara saya wa nama, ai tasa ta ƙare. A bar ni in mutu a ɗakina."

Khairiyya ce mai karatun sinadaran jikin ɗan'adam a jami'a, kuma ita ta lallashi Goggo ta dangwala yatsa a ɗauki ɗan abin da aka cire mata a saka cikin wani bincike. Ta san me ake dubawa. A cikin ƙwayar halitta akwai saƙon da ake kira RNA, akwai kuma wani sinadari, NAT10, mai manna wa saƙon 'yar alama don ya daɗe bai goge ba. Ta karanta cewa in ya yi yawa a ƙari, sau da yawa ciwon kan yi taurin kai, sojojin garkuwar jiki kuma su ja baya. Da ba ta sani ba ma, da ta fi iya cin abinci.

Ranar Alhamis ta hau mota ta bi mahaifinta har kara. Ba ta taɓa tsare shi da magana ba a rayuwarta. Ta durƙusa ta gaishe shi a cikin kukan tumaki.

"Uwata, me ya kawo ki nan?"

"Takardar Goggo, Baba. Ta ce ba za ta koma asibiti ba."

Sai ya nuna wani rago kwance gefen turke, an shafa masa jan fenti a gadon baya. "Kin ga wancan? Ba zai kai kudu da rai ba. In muka shafa ja, sai mahauci." Ya zaro takarda daga aljihun 'yar cikinsa, duk ta yi laushi da gumi. "Ba na jin Turanci, amma na san ja. Likitar tana ɗakin tiyata, yaronta ya miƙo mini. Ina buɗewa na kama hanyar tasha."

Layi biyu ne na 'yan akwatuna. Na sama shuɗi, na ƙasa ja wur. Khairiyya ta bi bayanin da ke gindin shafin da yatsa. Ja na nufin da yawa, shuɗi kaɗan. Layin sama NAT10 ne. Na ƙasa kuwa sojojin garkuwa ne da aka ƙirga a cikin ƙarin.

Sau uku ta karanta, ba ta yarda da idonta ba. Ta kira lambar da ke jikin takardar, ta toshe ɗaya kunnen.

"Ku ne dangin Kyauta?" in ji Likita Muhsina. "Ai muna ta kiran lambar ƙanenta ba ya ɗauka! Haka ne, kin karanta daidai, alama ce mai daɗi. Amma bincike ne, ƙanwata, ba alkawari ba. Abin da na fi dogara da shi, mun cire ƙarin da wuri, bai bazu ba. Ku kawo mini ita Litinin."

Khairiyya ta sauke wayar. "Baba, jan nan nata ne. Jikinta ne ke faɗa da ciwon."

Ubale ya zame ya zauna a ƙasa, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Wani dillali ya leƙo yana tambaya ko ciniki ne ya ɓaci.

Da la'asar suka isa Sule Tankarkar. Goggo ta saurari bayanin tun daga farko har ƙarshe, ta sa aka maimaita mata wurin sojojin. Sannan ta juya ga ƙanenta.

"Ubale, ni ka mayar tunkiya?"

"Yaya, wallahi tsoro ne."

"Shekara sittin da biyu, a ce da fenti za a karanta ni! Tashi ka ba ni wuri." Ta share ido da bakin mayafi, ta dubi Khairiyya. "Ke kuma daina karkarwar nan. Ƙarfe nawa motar farko ta Kano ke tashi daga Gumel?"

"Shida da rabi, Goggo."

"To, ki kama mini kujerar gaba. Bayana ba ya son ramukan nan."